Siririyar Laftof Mai Tsada: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Miƙa Kuɗinka

Na daɗe ina kwance kwamfutoci ina ɗaurewa, kuma na lura duk wanda ya tashi sayen laftof mara nauyi, irin masu tsadar nan, tambayoyinsa ba sa wuce waɗanda na gabansa ya yi. Ɗalibi, ɗan jarida, malamar jami'a, ɗan kasuwa mai yawan tafiya, duk hanya ɗaya suke biyowa. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Mafi yawan misalan daga ThinkPad X1 Carbon ta kamfanin Lenovo ne da MacBook Air ta kamfanin Apple, domin su biyun suka fi ratsawa ta hannuna, sababbi da na hannu.

Wace laftof ce ake kira mara nauyi?

Babu hukumar da ta shata iyaka, amma a bakin masu sana'ar, duk wadda ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kaurinta bai kai santimita 2 ba, ta shiga sahun. Abin ya fara tashe ne a watan Janairun 2008, ranar da Steve Jobs ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan irin na ofis a gaban taron jama'a. A 2011 kamfanin Intel ya fito da sunan Ultrabook don ya zaburar da masu ƙera kwamfutocin Windows, shekara na zagayowa Lenovo ya saki X1 Carbon ta farko, Dell kuma ya saki XPS 13.

Ga ma'auni: MacBook Air ta 2020 mai M1, wato furosesa ƙirar Apple, kilo 1.29 ce, mai M2 ta 2022 kilo 1.24, X1 Carbon ta 2021 tana farawa daga kilo 1.13, akwai kuma LG Gram mai inci 14 da ba ta cika kilo ɗaya ba. Ka auna har da caja, tunda tare za ka riƙa saɓa su.

Me ya sa ta fi mai kauri tsada, alhali lambobin da ke jikin kwalinsu iri ɗaya ne?

Domin kuɗin ba a lambobin yake ba. Irin furosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, za ka same ta a laftof ta roba mai arha. Abin da kake biya shi ne jiki, zaren kabon da maganiziyam a X1 Carbon, alminiyam da aka sassaƙo a MacBook Air, sai allo mai kyau, kibod da ba ya gajiyar da yatsu, da aikin injiniyoyin da suka cusa komai a wurin da bai fi kaurin littafin rubutu ba.

Sai dai siranta ba kyauta take zuwa ba. Duk milimitar da aka rage, wani abu aka sadaukar: ko hanyar fitar zafi, ko ramukan jona kaya, ko damar ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, nan gaba. A wurina tantance irin wannan kwamfuta bai wuce ka gano abin da aka sadaukar ba, sannan ka duba ko aikinka zai iya haƙura da rashinsa.

Ta yaya zan gane ingancin jikinta da hannuna?

Ajiye ta kan tebur, ka buɗe murfin zuwa rabi ka sake shi, sannan ka ɗan girgiza teburin. Idan allon ya yi ta rawa, ko ya sulale baya da kansa, hinjis, wato mahaɗin murfi da jiki, ya saki. Ɗauke ta a buɗe ta kusurwa guda, ka kasa kunne ko za ka ji ƙara irin ta tsohuwar kujera. Danna tsakiyar kibod, wajen harafin G da H, ka ga ko yana lotsawa. Daga nan ka kifa ta ka dubi sukurori. Idan kawunansu sun cinye, an sha buɗe ta, kana da damar tambayar dalili.

Ba kowace lanƙwasa ce rauni ba. Maganiziyam yakan ɗan lanƙwasa ya koma, shi ya sa LG Gram take ba sabon shiga tsoro idan ya murɗa murfinta. Alminiyam ya fi tauri, amma in ya faɗi ta kusurwa ya lotsa, to ya lotsa ke nan. Za ka kuma ga MIL-STD-810 a tallar wasu. Jerin hanyoyin gwaji ne na rundunar sojan Amurka, na zafi da ƙura da girgiza, amma kamfanin ne da kansa ke zaɓar waɗanda zai yi, ba soja suka buga masa hatimi ba. Alama ce mai kyau, ba ta dai nufin kwamfutar za ta jure faɗowa daga kan babur.

Mai shago ya ce min Core i7 ce. Wannan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma a nan kuɗin mutane ya fi salwanta. Sunan i5 ko i7 matsayi ne a cikin zubi guda kawai, zubin shi ne magana. Dubi lambar da ke biye. Furosesa i7-7500U 'yar zubi na bakwai ce, ƙwayoyin aiki biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U 'yar zubi na takwas ce, ƙwayoyinta huɗu, kuma a aiki mai nauyi tana barin waccan a baya. Na sha ganin mutum ya ƙara kuɗi ya ɗauki X1 Carbon ta 2017 saboda tambarin i7, ya bar ta 2018 mai i5 wadda ta fi ta ƙarfi. Abin yana min ciwo duk lokacin da na gani.

Akwai dalili na biyu. A hukumance Windows 11 yana son Intel zubi na takwas zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Ana iya yi wa tsohuwa dabara a ɗora mata Windows 11, amma ba na ba kowa shawarar zuba kuɗi masu yawa a kan dabara. Ka kuma lura da harafin ƙarshe na lambar furosesa: U tana aiki da wajen wat 15, P wat 28, H wat 45. Mai H a cikin siririn jiki, sai ka karanta amsar zafi da ke biye kafin ka yi murna.

Me ya sa take gudu da farko, bayan ɗan lokaci ta koma tafiyar hawainiya?

Zafi ne. An ba furosesa damar zabura na ɗan lokaci, ta ja wuta fiye da ƙa'idarta, shi ya sa kowace siririyar laftof take burgewa a minti biyun farko a shago. Da zafinta ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Mai kauri tana da manyan fankoki da bututun jan ƙarfe masu kwashe zafi, siririya kuwa fankarta ba ta fi murfin gwangwanin madara faɗi ba. Saboda haka laftof biyu masu furosesa iri ɗaya sak suna iya yi wa juna nisa bayan minti ashirin, kuma ba za ka taɓa ganin wannan a jikin kwali ba. Idan gwaji ɗaya tak za a bar ni in yi, wannan zan zaɓa.

Ga yadda nake yi. Manhajar Cinebench kyauta ce. Ina gudanar da ita sau ɗaya kwamfutar na sanye in rubuta maki, sannan in bar ta ta yi ta maimaitawa minti goma, in sake dubawa. A gefe ina buɗe HWiNFO don in ga digiri da gudun furosesar. Raguwa kaɗan al'ada ce. In makin ya faɗi warwas, ko fanka ta yi ta ihu ba iska mai fita, to ko ta toshe, ko man da ake shafa wa kan furosesa ya bushe. In ba ka da manhajojin, buɗe shafukan intanet ashirin, ka kunna bidiyo, ka shiga kiran Zoom, ka bari rabin awa, sannan ka ɗora tafin hannunka a saman kibod da ƙarƙashinta.

Mu kuma muna da namu ƙarin. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 da 35, alhali watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafi yakan haura 40, masu sharhi na ƙasashen waje kuwa a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu. Ga ƙurar hunturu. Na taɓa buɗe wata da mai ita ya tabbata furosesarta ta mutu, sai na tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, na zare ta da hantsaki ta fito a haɗe ɓari guda. Da aka share aka sa sabon mai, ta dawo hayyacinta. A nan MacBook Air daga M1 zuwa sama take da fifiko: ba ta da fanka ko kaɗan, ba ta zuƙar ƙura, ba ta ƙara. Abin da ta sadaukar shi ne in aka ɗora mata aiki mai nauyi na dogon lokaci, dole ta sassauta. Mai rubutu da lilo a intanet ba zai ko lura ba, mai tace bidiyo yini guda zai lura. Kowace iri ka saya, kada ka ɗora ta kan katifa ko filo tana aiki.

RAM nawa zan nema? Ba zan iya ƙarawa daga baya ba?

A mafi yawansu ba za ka iya ba. A MacBook Air da kusan duk zubin X1 Carbon an liƙe RAM ɗin a jikin bod, wato babban falle na cikin kwamfuta, tun daga masana'anta, abin da ka saya da shi za ku rabu. Don haka ka nemi gigabait 16. Kamfanin Apple da ya daɗe yana sayar da mai 8, a watan Oktoban 2024 ya mayar da 16 mafi ƙarancin abin da Air ke zuwa da shi. Duk wanda ya ce maka ka ɗauki mai 8 zai ƙara maka nan gaba, ka ce ya buɗe ya nuna maka gurbin.

Ma'ajiyar fayiloli ta SSD kuwa ta bambanta. Ta X1 Carbon ana kwance ta da sukuru ɗaya a sa babba. Ta MacBook Air tun daga 2018 a liƙe take, ma'ana in bod ya ƙone, fayilolinka sun bi shi, sai ka riƙa ajiye kwafi a waje. Air mai M2 mai gigabait 256 ma'ajiyarta ba ta kai ta M1 sauri ba, saboda ƙwaya ɗaya aka sa mata maimakon biyu. A Windows, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyar SSD da adadin awannin da ya yi yana aiki. Wannan adadin yakan warware musu idan aka ce maka ba a yi wani amfani da ita ba.

An rubuta batirinta yana awa 18. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a yanayin da suka gwada. Awa 18 na Air mai M1 kallon bidiyo ne kawai, an kuma rage hasken allo. Kai da za ka ƙure haske, ka yi kiran bidiyo, ka jona waya tana caji, ba za ka ga hakan ba. Lambar da ta fi amfani ita ce Wh, wato yawan wutar da batirin ke ɗauka: Air mai M1 tana da 49.9, X1 Carbon ta 2021 tana da 57. Lissafin mai sauƙi ne. In aikinka yana cin wat 8, batir mai 57 zai ba ka wajen awa 7. Air tana daɗewa da ƙaramin batir ne saboda furosesarta ba ta da cin wuta.

In ta hannu ce, a Windows ka rubuta powercfg /batteryreport a tagar umarni, wato Command Prompt. Zai fito da lambobi biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. A Mac ka duba adadin zagayen caji. An tsara batirin ya riƙe kashi 80 cikin ɗari har zuwa zagaye 1000. Ƙasa da kashi 80, ka cire kuɗin sabon batir daga farashi. Sannan ka dubi faifan linzami, wanda ake shafawa da yatsa a gaban kibod, ta gefe. In ya ɗago, ko ya ƙi dannuwa, ko murfin ƙasa ya tasa, batir ya kumbura, kuma wannan haɗarin gobara ne. Zafi da zama kullum a cike suna saurin tsufar da shi, shi ya sa nake sa wa masu ThinkPad iyakar caji a kashi 80 ta manhajar Lenovo Vantage.

Da rashin wutarmu, wace dabara ce ta caji?

Alherin waɗannan kwamfutoci shi ne suna caji ta USB-C. Cajar X1 Carbon wat 65 ce, ta Air mai M1 wat 30, don haka fawa banki mai alamar PD da ke fitar da wat 65 zai ɗauke su. In kana hawa jirgi, wanda bai wuce Wh 100 ba ake bari ba tare da neman izini ba, wajen mAh 27,000 ke nan. Abin da nake roƙon kowa shi ne ya guji cajar jabu, ya kuma zare caja kafin a tayar da janareta ko a kashe shi. Na ga bod da yawa da suka tafi ta wannan hanyar, kuma ka ga abin da na faɗa a amsar RAM game da abin da ke bin bod in ya ƙone.

Allo fa, me zan duba?

Haske tukuna. Ana auna shi da nit: Air mai M1 tana da 400, mai M2 tana da 500. Ƙasa da 300 za ka sha wahala a rumfa ko kusa da taga. X1 Carbon zubi ɗaya takan zo da allo kala-kala, don haka kada ka dogara da abin da ka karanta game da ta wani, ka duba wadda ke gabanka. Buɗe hoto fari sol ya cika allon, sannan baƙi, sannan ja. Farin zai tona tabon da matsi ya bari, baƙin zai nuna hasken da ke tsiyaya ta gefe da ɗigon da ya mace.

Allo irin na OLED yana da kyau ƙwarai, baƙinsa baƙi ne wuluk, amma yana cin batir a kan fararen shafuka, wasu kuma suna samun ciwon kai da shi in an rage haske saboda ƙyaftawar da ido ba ya gani. Ni dai ba na ganin amfanin 4K a inci 14 ga mai rubutu, batir kawai yake cinyewa. Na fi son allo mai tsarin 16:10, wanda X1 Carbon ta koma a 2021, domin yana nuna ƙarin layuka.

Kibod da kyamara suna da muhimmanci har haka?

Kibod ne inda hannunka zai wuni. Zauna ka rubuta shafi guda, ka taɓa kowane maɓalli. Maɓallan X1 Carbon ta 2021 suna nutsewa milimita 1.5, na Air wajen milimita ɗaya, kowa da abin da yatsunsa suka saba. Ka guji Air ta 2018 da 2019, masu kibod ɗin da ake kira na malam-buɗe-littafi. Ƙwayar ƙura ɗaya tana iya maƙale harafi, har sai da Apple ya buɗe shirin gyara kyauta, a 2020 kuma ya sauya tsarin gaba ɗaya. Ka lura da jerin haruffa ma: akwai na Jamus da na Japan a cikin kayan hannu, na Faransa mai farawa da AZERTY kuwa ɗan Nijar zai ji daɗinsa, ɗan Nijeriya zai yi ta tuntuɓe. Kyamara kuma, XPS 13 daga 2015 zuwa 2018 a ƙasan allo aka sa mata, tana ɗaukar mutum ta ƙasan haɓa, sai a 2019 aka mayar da ita sama.

Ramuka biyu kacal sun isa?

Ya danganta da kayanka. Air mai M1 ramukan USB-C biyu gare ta da na abin kunne, kuma allo ɗaya kawai take ɗauka daga waje. X1 Carbon ta 2021 ta riƙe manyan ramukan USB biyu da HDMI, abin da malami mai jona majigi a aji zai gode wa. Ba kowane USB-C ne Thunderbolt mai gudun gigabit 40 ba, ka nemi alamar walƙiya, ka kuma gwada caji a kowane rami.

Mac zan ɗauka, ko Intel, ko masu furosesar Snapdragon?

Fara da manhajar da kake cin abinci da ita. Manhajojin zane da taswira irin su Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro na Windows ne, kuma Mac mai M ba ta da Boot Camp da ake ɗora Windows da shi a da. Masu Snapdragon X sun shigo a watan Yunin 2024, batirinsu na daɗewa, amma tsarin Arm ne, ba irin na Intel ba, tsofaffin manhajoji ta hannun tafinta mai suna Prism suke aiki, wasu tsofaffin firinta kuma ba sa samun direba, wato manhajar da ke haɗa su da kwamfuta. In aikinka rubutu ne da intanet da hotuna, Air tana da wuyar kayarwa wajen batir da shiru. In kana son ramuka da sauƙin gyara, ThinkPad. Mai wasannin kwamfuta masu nauyi ko zanen gini mai girma uku, siririya ba tasa ba ce ko da yana da kuɗin. Dalilin yana amsar zafi.

Zan sayi ta hannu. Mene ne babban haɗari?

Kulle. Batir ana canzawa, allo ana canzawa, kulle kuwa yakan mayar da kwamfuta mai kyau abin ado. Da yawan na hannu daga kamfanonin Turai da Amurka suke fitowa, wasu ba a cire su daga rajistar kamfanin ba. Wata malama ta taɓa kawo min tata, fes da ita ko ƙwarzane babu, ta yi wata biyu tana aiki lafiya. Ranar da aka goge ta aka jona intanet, sai sunan wani kamfanin waje ya bayyana yana neman adireshin ma'aikaci. Ban iya yi mata komai ba, wanda ya sayar mata kuma ya ce kwanakin garanti sun wuce. Har yau in na tuna fuskarta ba na jin daɗi.

Saboda haka ka sa a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a jona intanet, a bi matakan farko har ka shiga da naka asusun. A Mac daga 2018 zuwa sama ka tabbata babu asusun iCloud na wani. A ThinkPad ka danna F1 lokacin tashi ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, ka canza wani abu ka adana. In ta nemi kalmar sirri ta mai kula, ka ajiye ta. Ka kuma gwama lambar siriyal da ke cikin BIOS da wadda ke ƙarƙashinta, ka sa ta a shafin kamfanin don ka ga ainihin shekararta da kayan da ta fito da su.

In ta lalace, ana samun kayan gyara?

Kayan ThinkPad sun fi samuwa a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja, kuma Lenovo yana wallafa littafin kwance kowane zubi kyauta. Allon MacBook yawanci da murfinsa ake canzawa, kuɗin yana da yawa. Kafin ka saya, ka tambayi mai gyara farashin allo da batir na wannan zubin. Akwai kamfanin Framework da ya fito a 2021 da laftof mai wajen kilo 1.3 wadda ake canza mata RAM da ramuka har da bod, shaida ce cewa ana iya haɗa rashin nauyi da sauƙin gyara, sai dai kayanta daga waje ake yin odarsu.

Idan mai shago ya ce ba shi da lokacin duk waɗannan gwaje-gwajen fa?

Ka yi masa magana ta mutunci: "Alhaji, kuɗin da yawa, a ba ni awa ɗaya in zauna a gefe." Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya ƙi, wani ma kujera zai ba ka. Ka je da filashi mai ɗauke da manhajojin da na ambata, da datar wayarka. Fara da gogewa da duba kulle, tunda shi ya fi cin lokaci. Tana gamawa ka saki gwajin zafi, yana tafiya kana duba jiki da ramuka, ya ƙare ka koma kan allo da kibod da rahoton batir. In ya ƙi a goge ta a gabanka, ka yi sallama ka nufi shago na gaba. In kun daidaita, a rubuta lambar siriyal a rasit, da yawan RAM da SSD, da kwanakin garanti, da abin da garantin ya ƙunsa, ya sa hannu.